Ranar Talata a Gangaren Santa Rosa

Amparo: Alo? Itzel? Alo!

Itzel: Na'am, Mama, ina jinki. Ina wuni?

Amparo: Lafiya lau, 'yata. Ya aiki? Ya Monterrey?

Itzel: Lafiya ƙalau, sai zafi kamar a cikin tanda. Ya tsibiri? Ya mutanen Cozumel?

Amparo: Duk muna nan. Na same ki cikin aiki ko?

Itzel: A'a, na fito cin abinci, akwai mai tsaron kemis ɗin.

Amparo: To madalla. Ya maigidan naki? Ƙafar ta warware?

Itzel: Ta warware har ya koma ƙwallo. Wai shi ɗan shekara ashirin.

Amparo: Ki bar shi, ya karya ɗayar ya huta. Ina ƙawata, jikata Ximena?

Itzel: Tana makaranta. Jiya haƙorinta ya fita.

Amparo: Haƙurinta ya ƙare? Wa ya taɓa min ita?

Itzel: Haƙori, Mama! Haƙori! Na gaba!

Amparo: Au! To ai sai ki buɗe baki ki yi magana. Ki ɗauko min hoton giɓin in gani.

Itzel: Zan turo. Wai ina kike ne haka? Iska sai bugun wayar take.

Amparo: Ina bayan gida, wajen igiyar shanya.

Itzel: Me ya kai ki can?

Amparo: Nan aka fi samun sabis.

Itzel: Tun yaushe? Ni na tashi a gidan nan fa. A falo ake samun sabis, kusa da firji.

Amparo: To yau dai nan ne.

Itzel: Hmm. Ina Baba? Yana ruwa?

Amparo: Yana ciki. Yana kwance.

Itzel: Baba? Kwance da rana tsaka, ranar Juma'a? Ba baƙin da zai kai nutso ne?

Amparo: Akwai baƙi. Ya ɗan huta ne.

Itzel: Ya kamata kam, ya tara ƙarfi. Saura kwana goma sha tara ku tashi fa! Kun gwada sababbin rigunan robar? An ce ruwan Galápagos sanyi gare shi, ba irin namu ba ne mai kama da ruwan wankan jego.

Amparo: Mun gwada.

Itzel: Kuma kada ki bar fasfo a hannun Baba. Ki sa a jakarki. Daga Cancún za ku sauka Panama, awa uku, sannan...

Amparo: Itzel.

Itzel: Na'am?

Amparo: Tikitin nan da kika yanka mana, ana iya soke shi?

Itzel: Ana iya me? Layin ya ɗauke.

Amparo: Soke shi. A fasa.

Itzel: A fasa? Mama, shekara nawa kuna zancen tafiyar nan? Tun ina firamare hoton kifin nan mai kan guduma yake manne a ƙofar firji. Faɗa kuka yi?

Amparo: Da ma faɗa ne.

Itzel: To mene ne? Kina tsorata ni. Mama? Kuka kike?

Amparo: Mura ce.

Itzel: Ba mura ba ce. Faɗa min.

Amparo: Tsaya in leƙa taga... To, yana nan kwance. Ki saurare ni, kada ki katse ni, in kika katse ni ba zan iya ƙarasawa ba.

Itzel: Ina ji.

Amparo: Ranar Talata muka ɗauki baƙi shida zuwa nutso a gangaren Santa Rosa, can ƙarƙashin teku. Fermín ke tuƙa jirgin kamar kullum. Babanki a gaba yana jagora, ni a baya ina ƙirga mutane. Ruwa garau, ba kya ce akwai ruwa ba. Jan ruwan ma ba ƙarfi, yana ɗauke da mu a hankali. Muka bi bakin gangaren, muka shige kogon nan na farko, wanda kike tsoro kina yarinya.

Itzel: Na gane shi.

Amparo: Da muka fito ɗaya gefen, sai ya tsaya. Na ɗauka kunkuru ya gani zai nuna wa baƙi. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya sake juyawa. Itzel, kamar mutumin da aka sauke a tashar motar garin da bai taɓa zuwa ba.

Itzel: A Santa Rosa? Baba da ya san kowane rami a wurin?

Amparo: Na ce kada ki katse ni.

Itzel: Yi haƙuri.

Amparo: Na buga ƙarfe a tukunyar iskata don ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya bi gangaren ƙasa. Kin san wurin, ba shi da gindi, shuɗi ne kawai har ya koma baƙi. Ba sauri yake ba. A natse yake tafiya, kamar mai komawa gida.

Itzel: Wayyo Allah.

Amparo: Akwai wata mata 'yar Ajantina cikin baƙin, duk shekara tana zuwa, ta iya ruwa. Na yi mata alama ta riƙe sauran ta hau da su. Ni kuma na bi shi. Ban taɓa buga ƙafa irin na ranar ba. A mita arba'in da ɗaya na kamo shi.

Itzel: Arba'in da ɗaya!

Amparo: Na damƙi wuyan hannunsa, na juyo da shi, na haɗa gilashin fuskata da nasa. Ya kalle ni. Idonsa lafiya lau, ba firgita, ba komai. Sai ya yi min alamar lafiya da yatsu, ya ɗan shafa kafaɗata. Kin san yadda yake yi wa sabuwar baƙuwa in ta tsorata? Haka ya yi min.

Itzel: Zurfi ne, Mama. Zurfi kan juya wa mutum kai, kin fi ni sani. Da an hau sama yake sakin mutum.

Amparo: Ni ma abin da na yi ta faɗa wa kaina ke nan muna hawa. Na riƙe shi a mita biyar muna jiran minti ukun nan da ake tsayawa kafin a fito, ina cewa yanzu zai sake shi. Ina kuka a cikin gilashi, ba halin sharewa. Shi kuwa yana nuna min kifaye.

Itzel: Da kuka fito fa?

Amparo: Ya riga ni hawa jirgi. Ya miƙo hannu ya karɓi takalman iyona, ya jawo ni, ya ba ni tawul. Sannan ya ce... ya ce...

Itzel: Alo? Mama? Alo!

Amparo: Ina nan. Ya ce, "Madam, wannan ne zuwanki na farko Cozumel?"

Itzel: Kai, Mama, wasa yake! Kin san Baba da tsokana.

Amparo: Fermín ma haka ya ɗauka, ya yi ta dariya har yana buga sitiyari. Baƙi suka taya shi. Ni kaɗai ban yi ba. Shekara talatin da biyar ina kallon fuskar mutumin nan, na san inda bakinsa ke karkacewa in zai yi tsokana. Bai karkace ba. Ladabi yake yi min.

Itzel: Sai kika ce me?

Amparo: Na ce, "E, na farko ne." Ya ce in dawo baɗi ya kai ni Palancar, can ya fi kyau. Muna dab da tashar jirage sai ya juyo ya ce, "Amparo, ina kika jefa min hula?" Shi ke nan. Kamar ba a yi komai ba.

Itzel: Gobe-goben nan ku hau jirgin fito ku tafi Mérida ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Zan nemo muku suna yanzu. Wataƙila ɗan ƙaramin shanyewar...

Amparo: Mun je.

Itzel: Kun je? Tun Talatar?

Amparo: Tun watan Maris.

Itzel: Maris? Lokacin da kuka ce min kun je sayen kayan injin cika tukwanen iska?

Amparo: Mun sayi kayan ma.

Itzel: Mama!

Amparo: Kada ki yi min ihu.

Itzel: Me likitan ya ce?

Amparo: Ya sa shi zana agogo, ya ba shi kalmomi biyar ya riƙe. Aka ɗauki hoton kansa. Ya ce ciwon mantuwa ne, ya fara. Ya ce ba ya komawa baya.

Itzel: Wata huɗu! Ni da nake miƙa wa mutane maganin ciwon nan kullum ta taga, ni za a ɓoye wa? Ni ba 'yarku ba ce?

Amparo: Shi ya sa ni alkawari. A gaban cocin da ke dandali ya tsayar da ni, ya ce kada Itzel ta ji sai mun dawo daga Galápagos, in ta ji za ta hana. Yanzu ban ma sani ba ko yana tuna ya faɗa.

Itzel: Likitan bai hana shi nutso ba?

Amparo: Ya hana.

Itzel: Kika bar shi? Da baƙi shida a bayansa? Rayukan mutane fa, Mama! Da ba ki kamo shi ba fa? Da iskarki ta ƙare a can ƙasa fa? Sai a kira ni a ce min duka biyun?

Amparo: Na sani. Kina tsammani ban sani ba? Kwana uku ina faɗa wa kaina abin da ya fi wannan muni.

Itzel: To me ya sa?

Amparo: Saboda a tudu yake mantuwa! A tudu yake zuba gishiri a kofi, a tudu yake tsayawa tsakar kasuwa ya rasa me ya kawo shi. Amma da ya sa baki a bututun numfashi ya faɗa ruwa, sai in ga mijina ya dawo cif. Ba ya kuskure ko ɗaya. Sai na ce to, ko ba komai a bar masa ruwan. Awa ɗaya a rana ina samunsa, Itzel. Ni ma don kaina na yi. Ga gaskiyar.

Itzel: Mama... yi haƙuri. Ban yi nufin yi miki tsawa ba.

Amparo: Ki yi. Gara ke ki yi.

Itzel: Yanzu ya ake ciki? Ya sake shiga?

Amparo: A'a. Na kwashe kayansa a daren... a ranar dai, na kai gidan Fermín, matarsa ta tura ƙarƙashin gado. Na ce masa na kai gyara. Amma duk safiya ƙarfe bakwai sai ya sa hula ya tafi tasha. Sai Fermín ya tare shi ya ce, "Chebo, yau an rufe tasha, iskar arewa."

Itzel: A watan Yuli? Ai sai lokacin sanyi take zuwa.

Amparo: A watan Yuli. Teku kwance kamar faranti, jiragen mutane na fita ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Fermín ya ce min daga yau ba zai ƙara ba. Ya ce shekara talatin bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, yau da ya faɗa sai da ya shiga bayan injin ya yi kuka.

Itzel: Shi Baban me yake cewa?

Amparo: Sai dai ya tsaya a bakin tasha. Ya kalli ruwan, ya gyaɗa kai, ya dawo gida ya kwanta. Wannan shirun ne zai kashe ni. Ni ba zan iya faɗa masa ba, Itzel. Na gwada jiya, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko zai ƙara wake. Ki zo. Ke yana jin maganarki.

Itzel: Zan zo. Zan nemi hutu yau, Lahadi ina... Mama? Muryar wa nake ji?

Amparo: Shi ne, ya fito. Gyara muryarki. Tsoho, ka tashi? Itzel ce. A'a, shanya nake kwashewa. To ungo, ungo, kada ka fizge min hannu.

Chebo: Alo! Wa nake ji kamar babbar likitar Monterrey?

Itzel: Baba! Ina wuni? Na ce maka ni ba likita ba ce, magani nake sayarwa.

Chebo: A nan tsibirin likita ce ke, na riga na faɗa wa kowa, ba zan janye ba. Ya ɗan ƙwallon naki? Har yanzu yana gudu kamar agwagwa?

Itzel: Zan faɗa masa.

Chebo: Faɗa masa, ni na aike ki. Mutumin da ya yi amai a jirgina tun ba mu bar tasha ba! Me ya sami muryarki?

Itzel: Mura ce.

Chebo: Ke ma? Uwarki ma mura. Wannan mura mai bin waya! Amparo, waken nan naki yana kamawa, tun daga ɗaki nake jin ƙauri. Je ki duba. Je ki mana, ba zan cinye wayar ba... To. Ta shiga. Itzel, kina jina da kyau?

Itzel: Ina jinka, Baba.

Chebo: Zan yi sauri, don kaina yau a buɗe yake, ban san zuwa yaushe ba. Kayana suna ƙarƙashin gadon Fermín.

Itzel: Baba...

Chebo: Matarsa ba ta iya ɓoye ko allura ba, bututun yana leƙowa. Kada ki faɗa wa uwarki na sani. Wai iskar arewa! Ni za a koya wa iskar arewa? Ina jin ta a gwiwata kwana biyu kafin ta iso.

Itzel: To me ya sa kake zuwa tashar kullum?

Chebo: In ban je ba ina zan je? Kuma Fermín yana ƙoƙari, bai kamata a bar shi ya yi ƙarya ba mai saurare.

Itzel: Ka san abin da ya faru ranar Talata?

Chebo: Ban sani ba. Shi ne abin. Na tuna mun faɗa ruwa, na tuna ina neman hulata. Tsakani babu komai, kamar an yanke da almakashi. Amma akwai shaidar farce huɗu a wuyan hannuna, har sun yi baƙi. Na san farcen. Uwarki ba ta taɓa riƙe ni haka ba, ko ranar da take haihuwarki. Mita nawa?

Itzel: Baba, bari sai na zo.

Chebo: Mita nawa, Itzel?

Itzel: Arba'in da ɗaya.

Chebo: Da baƙi a sama?

Itzel: E.

Chebo: Ita kuma ta biyo ni.

Itzel: Ta biyo ka.

Chebo: To. To shi ke nan. Na gama.

Itzel: Baba, akwai magunguna da ke rage saurinsa, zan zo da...

Chebo: Ki zo da su, zan sha, ba na gardama. Amma ba shi na kore ta don in faɗa miki ba. Tikitin nan. Ta ce ki soke ko?

Itzel: Ta ce.

Chebo: Kada ki soke. Ki cire sunana ki sa naki.

Itzel: Ba za ta yarda ta tafi ta bar ka ba. Ni ma ba zan iya ba.

Chebo: Kwana goma ne. Zan zauna gidan Fermín, in kwana a kan kayana. Saurara. Shekara talatin da biyar matar nan tana bayana a ruwa. Kin san me take gani? Ƙafafun baƙi. Tana ƙirga su, ɗaya, biyu, uku, shida. Ni ke ganin kunkuru, ni ke ganin komai, kafin ta iso ya gudu. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Na yi mata alkawari a can ba za ta ƙirga kowa ba, ita za ta shiga gaba, ni in bi ta. To ni ba zan iya ba. Ke ki bi ta.

Itzel: Shekara shida rabona da ruwa, Baba.

Chebo: Ni na koya miki, ba ya fita. Ki riƙe dutse da kyau, an ce jan ruwan can ba ya wasa. In kifayen nan masu kan guduma suka zo, ɗari-ɗari suke zuwa, ta sama, kada ki tsaya ɗaukar hoto. Fuskarta za ki kalla. Ki dawo ki ba ni labari. In na manta ki sake ba ni. Ki yi ta ba ni, ni kullum sabo zan ji, kin ga na fi kowa riba.

Itzel: Kai Baba, don Allah...

Chebo: Ba kuka. Kin yi alkawari?

Itzel: Na yi.

Chebo: Da ƙarfi, layin ba kyau.

Itzel: Na yi alkawari!

Chebo: Yawwa 'yar kifina. Yawwa. To... me ma nake cewa?

Itzel: Zancen tafiya. Ka ce in raka Mama.

Chebo: E. E, haka ne. Tafiya... Ke, wai ƙarfe nawa yanzu?

Itzel: Biyu saura.

Chebo: Biyu saura! Kai, na makara. An tashe ku?

Itzel: An tashe mu daga ina?

Chebo: Daga makaranta mana. Wayar wa kika ara? Ta malama?

Itzel: Baba... ni ce fa, ina Monterrey, ina...

Chebo: Kada ki tsallaka titi ke kaɗai, kin ji ko? Motocin hayar nan ba sa kallon yara. Ki tsaya a bakin ƙofa, cikin inuwa, ki riƙe jakarki. Kin ci abincinki?

Itzel: Na... na ci, Baba.

Chebo: Duka?

Itzel: Duka.

Chebo: Yarinyar kirki. Ga ni nan zuwa, bari in ɗauko makullin babur. Kada ki motsa.

Itzel: Ba zan motsa ba. Ina nan ina jiranka. Amma ba wa Mama wayar tukuna, ka ji? Baba, ba ta wayar kafin ka fita. Baba? Alo? Baba!